Gawo Nawa, Suna na Hamani

Kwanan baya wasu samari biyu, sabbin fitowa daga makarantar koyon malanta, suka tsaya a kaina ina shimfiɗa tabarmi. Wandunansu sun sha guga, har in ƙuda ya sauka a kan karin sai ya yanke ƙafa. Ɗayan ya ce, "Baba Isufu, mu ma muna so mu buɗe irin wannan taka a unguwar Talaje. Ai ba wuya, yara ne za a tara a yi musu kacici-kacici." Na ce, "Gaskiyarka, ɗana. Su ma masunta ai wanka suke zuwa yi a kogi, kifi ne ke biyo su gida don kara." Suka yi dariya suka tafi, ba su gane da su nake ba. To, saboda su da ire-irensu na ɗauki bik na zauna rubutu, don su san abin da ke cikin tukunyar kafin su tsoma hannu.

Sana'ata ta ranar Alhamis ce. A shekarun farko na 'yancin kai, ran Alhamis babu lakwal, wato makarantar boko, makarantar allo ma hutu take yi, sai yaran Yamai su bazu cikin gari kamar fari sun sauka a gona. Ni kuwa in tara su a gindin wani gawo nan unguwar Kalley, bayan babbar kasuwa, in ba su lissafin da mushe, wato malamin boko, ba ya bayarwa a aji. Ba haddar biyu sau biyu ba, a'a, irin wanda ke sa yaro ya dafe kai ya manta da yunwa. Gawo kuwa ya dace da aikin kamar an gwada masa: da rani, lokacin karatu, ga ganye ga inuwa, da damina ya kakkaɓe ganyensa, daidai lokacin da yara suka tafi hutu. Ban taɓa ganin itacen da ke bin dokar gwamnati kamarsa ba.

Kayan aikina duka a burgami ɗaya suke. Akwai tsakuwar bakin kogi, farare da baƙaƙe. Akwai ƙonannun tsinkayen ashana da nake tsinta wurin mai shayi. Akwai wata sakaina da na feƙe ta zama kwalekwale, sai gwangwanayen tumatir biyu, ƙaramin yana cin ludayi uku na yashi, babban yana cin biyar. Allona ƙasa ce, allina yatsa. Na tuna ranar da na fara ba wani ɗan ma'aikacin gwamnati gwangwanayen nan, na ce ya auno mini ludayi huɗu daidai, ba tare da ludayi ba. Yaro ne mai farar riga da takalmi sau ciki, na ɗaya a ajinsu. Ya dube ni ya ce, "Mushe, ba a koya mana wannan ba." Na ce, "Shi ya sa aka kawo ka." Ya juye, ya zuba, ya zubar, ya yi kuka, ya share majina da farar rigar. Can wajen azahar sai na ji ihu kamar kunama ta harbe shi. Ya samu. Uwarsa ta zo washegari tana faɗan riga, uban kuwa ya aiko mini da goro.

Kada ku ɗauka da ka na fara. Wurin Mushe Alu na koya, wani tsohon malamin lakwal mutumin Damagaram, wanda ya gaji da bulala da hadda, ya yi ritaya ya dawo gindin gawon nan. Mu biyu ne almajiransa a sana'ar: ni, Bagobiri daga Tibiri, da wani Bazabarme mai suna Hamani. Shekarar farko ko tambaya ɗaya tsoho bai bar mu mun yi ba. Aikinmu mu zauna mu kalli fuskokin yara. Sai ya ce, "Isufu, wancan mai sosa ƙeya, ya kusa ko ya ɓace?" In na ce ya ɓace, ya ce, "Kai ne ka ɓace. Dubi babban yatsan ƙafarsa, yana motsi. Ka ba shi lokaci." Wata rana na ga wata yarinya tana wahala da tsakuwa, na miƙa hannu zan matsar mata da guda ɗaya. Tsoho ya sauke mini sandarsa a bayan hannu, har yau in sanyi ya shigo wurin yana gaishe ni. Ya ce, "Ka taɓa ganin an tauna wa mai haƙori tuwo?"

Dokarsa babba ita ce wannan, kuma ita ce gishirin sana'ar: ba a ba da amsa ranar da aka yi tambaya. Yaro ya tafi da ita gida, ya kwana da ita, ya dami uwarsa, ya dami ubansa, sai wata Alhamis a warware. Yakan ce tambaya ashana ce, sau ɗaya take kamawa. Yaron da ya ji amsa kafin ya sha wuya, ka ba shi ƙonannen tsinke ne.

Alhaji Idi mai fata, mutumin Tawa, shi ya fi kowa shan wuyar dokar nan. Ɗansa ya kai masa tambayar kwaɗo: kwaɗo ya faɗa rijiya mai gaba goma, da rana ya hau gaba uku, da dare ya zame gaba biyu, a rana ta nawa zai fita? Alhaji ya ce ta goma, ko jariri ya sani. Ɗan ya ce ta takwas. Ana sallame sallar asuba sai ga Alhaji a ƙofar gidana.

"Malam Isufu, raba ni da yaron nan. Goma ne ko ba goma ba?"

"Alhaji, sai Alhamis."

"Ni fa nake ciyar da shi! A gidana yaro zai ce mini takwas?"

"Sai Alhamis, Alhaji."

Wallahi mutumin nan ya koma gida ya sa aka kamo masa kwaɗo aka jefa a rijiyarsa, ya sa kujera yana gadi. Kwaɗo ya ga ruwa mai sanyi ya ce ya iso gida. Iyalin Alhaji suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Ran Alhamis ɗan ya zana rijiya a ƙasa, ya nuna wa uban cewa a rana ta takwas kwaɗo ya kai baki ya yi tsalle, wa zai mai da shi ya sake zamewa? Alhaji ya gyara hula, ya ce, "To ai ni na haife shi." Sati na gaba ya turo mini sauran 'ya'yansa duka, har da wanda ba a yaye ba.

Irin masu kawo mana yara ke nan. 'Yan kasuwar Maraɗi da Tawa suna son yaro ya yi kaifin kai kafin ya gaji kanti. Ma'aikata suna son ya ci egizama, wato jarrabawa, ya wuce koleji. Iyaye mata kuwa, Allah ya saka musu, suna son su yi daka cikin kwanciyar hankali. Wannan ya kawo tiyar hatsi, wancan ya kawo turmin atamfa da salla, ana dai rufa asiri.

Da tsufa ya kama Mushe Alu ya ce zai koma Damagaram, sai ya raba mana gado. Ni ya ba ni burgami da gindin gawo. Hamani ya dafa masa kai ya ce, "Kai ba ka bukatar komai, bakinka ya ishe ka." Na yi murna a ranar, na ɗauka ni na ci riba. Ashe tsoho ya ba ni ƙashi ne ya ba shi tsoka.

Ni ba mai hassada ba ne, duk Kalley an shaida. Amma a faɗi gaskiya: me Hamani yake da shi? Tsawo ne kawai, da wushirya, da wata murya wadda in ya ce "yara, ku saurara" har jakunan kasuwa sai sun daina kuka. Ni in na yi tambayar kura da akuya da damin harawa, yara su yi tunani. Shi in ya yi ta, sai ya zama kurar, ya zama akuyar, har harawar ma yana yi mata murya. Wannan ai ba lissafi ba ne, wasan kwaikwayo ne. Amma je ka gaya wa mutane.

Muguwar shekarata ta zo ne a cikin akwati. Wani babba a gidan rediyo ya ji Hamani yana zuba a wurin wani suna, sai aka ba shi fili na yara duk ran Laraba da yamma. Kafin wata uku ya sayi mobilet, ɗan ƙaramin babur. Mobilet! Ni da na fi shi iya auna yashi ina tafiya a ƙasa, shi yana wuce ni yana danna ƙaho, yana gaishe ni da Zabarmanci yana cewa, "Bagobiri, fofo! A kai ka?" Ban taɓa hawa ba. Ba don komai ba, ƙugu ne ke damuna.

Mobilet ba ta kashe ni ba, abin da ya kashe ni shi ne yadda ake shirin. Mutanen rediyo suka ce mai sauraro ba ya jira. Sai Hamani ya yi tambaya, a sa goge na ɗan lokaci, goge na tsayawa ya faɗi amsa. Tambayoyin kuwa na wa? Na Mushe Alu, waɗanda muka gada tare, su ne kuma jarina kaf. Laraba ya ƙyasta ashana a gaban duk ƙasar Nijar, Alhamis ni in zo da ƙonannen tsinke. In buɗe baki in ce, "Wani mutum ne ya zo bakin kogi da kura..." sai yara su haɗa baki: "Akuya zai fara ƙetarwa!" In ce, "Kwaɗo ya faɗa..." su ce, "Takwas!" Ko rijiyar ban kai ga haƙawa ba.

Yara suka fara zamewa kamar kwaɗon Alhaji, sai dai su ba sa hawowa da rana. Iyaye suka ce me za a je yi gindin gawo, ga shi ana bayarwa kyauta a akwati, har da goge? Tabarmina da ba sa isa suka koma guda ɗaya, ita ma da sauran wuri.

Akwai wani Garba mai facin keke da ke zaune a rana jikin katanga, ya daɗe yana kallon inuwata kamar yadda kura ke kallon akuyar tambaya. Ya kai magana wurin mai unguwa. Mai unguwa ya kira ni ya ce, "Malam Isufu, inuwar nan an bar wa Mushe Alu ne saboda yara. In babu yara, ga mai iyali yana ƙonewa a rana. Ka ga azumi ya kusa. In aka sha ruwan salla wurin yana yadda yake, Garba zai shigo." Na ce na ji. Garba kuwa tun daga ranar ya fara matso da bokitinsa taki ɗaya kowace safiya.

Na ce bari in ƙirƙiro sababbi da kaina. Nan na san Mushe Alu ba ƙaramin mutum ba ne. Ta farko da na haɗa, a kan raƙuma da buhunan gishiri, ta yi sauƙi har ɗan da ba a yaye ba ya amsa. Ta biyu na ƙulla ta da kyau, yara suka kwana da ita, ni ma na kwana da ita, ashe ba ta da amsa sam. Wani uba ya zo har gida yana tambaya ko ina da lafiya.

Wata Alhamis haushi ya ishe ni, na ce wa 'yan yaran da suka rage, "Kwaɗo ya faɗa rijiya mai gaba goma sha biyu..." Suka ce, "Takwas!" Na ce, "Sha biyu fa na ce." Suka dubi juna, suka ce, "Mushe, rediyo ta ce takwas." Na ce, "Madalla. Kwaɗon rediyo ko a teku ya faɗa, ran takwas zai fito. To tunda kun fi ni sanin amsa, na daina tambaya. Sati mai zuwa kowa ya zo mini da tasa tambayar, wadda ba a taɓa ji a akwati ba. Wanda ya zo hannu sake, shi zai share wuri." Don huce haushi na faɗa, ban sa ran komai ba.

Cikinsu akwai Rabi, 'yar wani mai fito, yarinya 'yar shekara goma mai bakin tsiya, kullum tana warin soyayyen kifin da uwarta ke sayarwa. Lokacin ba a yi gada ba, duk mai zuwa hayin kogi sai ta kwalekwale. Da Alhamis ta zagayo sauran suka kawo shirme, ita kuwa ta karɓi sakainata da tsakuwa huɗu ta ce:

"Mushe, wannan a gidanmu aka yi ta, ranar da za a je suna a hayi. Ga baba, ga inna, ga kaka uwar inna, ga yayana ɗan fari. Kwalekwalen ƙarami ne, mutum biyu yake ɗauka. Baba da yaya ne kaɗai suka iya tuƙi. Baba ba ya zama da surukarsa su biyu, ko a ruwa ko a tudu, kunya. Inna ba ta zama da ɗan farinta su biyu, ita ma kunya. Yaya za su ƙetare?"

Yara suka ƙura wa tsakuwar ido. Sai ga babban yatsan ƙafar kowane yaro yana motsi, abin da na yi watanni ban gani ba. Wani ya ce baba ya kai kaka, sauran suka yi masa ca: "Surukarsa? Ba ka da kunya?" Suka juyo gare ni. Na yi gyaran murya na ce, "Doka dai doka ce, ku kwana da ita." Ni ma ina bukatar kwanan.

Ana cikin haka sai na ji ƙarar mobilet. Hamani ne, amma ya faɗa, wuyan riga ya yi masa yawa. Ya jingine abin hawansa ya tsuguna a bakin tabarma, ya saurari gardamar yara har suka watse, sannan ya ce, "Bagobiri, mai fuska kamar kaza ta yi tono, ina kwana?"

"Lafiya lau, Bazabarme. Kopto, zogalenku na gado, ya ƙare a gari ne ka rame haka?"

"Bar wasa, Isufu. Akwatin nan rami ne. Duk abin da tsoho ya bar mana na zuba masa, ya haɗiye, yana neman ƙari. Sati biyu ke nan ina maimaita kwaɗo. Jiya wata tsohuwa ta tare ni a kasuwa ta ce in kwaɗon nan bai fita ba ita za ta zo ta fid da shi."

"Ai sai ka yi musu muryar harawa."

"Ba ni tambayar yarinyar nan."

Na gyara zama. Shekara guda ina jiran wannan rana, har na tanadi jawabin da zan yi masa, mai tsawo, da karin magana a ciki. Amma na waiga na ga bokitin Garba ya kusa taɓa tabarmata. Na ce, "Ba tawa ba ce, ta Rabi ce, sai ta yarda, kuma ka faɗi sunanta. Na biyu, ba goge, ba amsa. Mai son amsa ya zo nan ran Alhamis. Na uku, ka faɗi sunana. Malam Isufu. Da ƙarfi, yadda za a ji a Tibiri."

"Mutanen rediyo ba za su yarda a bar mutane ba amsa ba."

"To koma wa kwaɗonka."

Ya yi dariya har wushiryar ta fito, ya ce, "Tsoho bai mutu ba." Rabi ta yarda, da sharaɗin a ɗauke ta a mobilet sau ɗaya. Kun ji yaran zamani.

Ran Laraba na sa babbar rigata, na tafi wurin mai shayi inda akwati yake, na sayi shayi har na saya wa mutane, na ce kowa ya yi shiru za a ambace ni. Hamani ya fara. Ba na son yabonsa, amma ranar ya yi aiki: ya yi muryar kaka tana jan mayafi, ya yi muryar baba yana sunkuyar da kai, har mai shayi ya zuba madara a ƙasa. Ya ce tambayar Rabi ce 'yar mai fito. Ya ce, "Yau babu amsa. Ku kwana da ita. Mai so ya zo gobe gindin gawon Kalley, bayan babbar kasuwa, inda na koyi sana'a, wurin ɗan'uwana Malam..." Sai goge ya shigo. Lokaci ya cika, in ji su. Shi ya rantse mini ya faɗa, injin ne bai ɗauka ba. Ni kuwa har gobe ina cewa a binciki mai gogen nan, a ji ko Bazabarme ne.

Washegari ban iya isa gindin gawo ba sai da na yi ta "gafara, gafara". Yara kamar an fasa gidan tururuwa, ga iyaye a tsaye a baya suna ta musu. Wani Bamaraɗe yana cewa a garinsu ko hanya ba a haɗawa da suruka, balle kwalekwale. Wata Bazabarma tana cewa a bar tsohuwar a gida mana, wa ya gayyace ta? Alhaji Idi ya zo da tasa amsar, wadda a cikinta sai kaka ta yi iyo. Rabi ta zauna a tsakiya da sakaina tana ƙetar da tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa manya tsawa. Mai unguwa ya zo ya duba, ya juya ya dubi Garba. Garba ya ɗauki bokitinsa ya koma jikin katanga. Daga baya ma ya yi arziki da facin kekunan masu kawo yara, ko godiya babu.

Tun daga ranar aikin ya sake kama. Rabin lokaci ni ke tambaya, rabi yara ke kawo tasu, mu gwada ta a nan, mu ga ba ta yi sauƙi ba kuma tana da amsa, sannan Hamani ya zo ya ɗauka ya kai akwati. Wannan tacewar ita ce aikin, samari, kuma ita ce ba a gani. Ni ke tankaɗe, shi ke toya waina a gaban jama'a.

Inuwa dai ta tsira, ina cikinta har yau. Sai dai a cikin taron ranar nan wata mata ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, nan ne gawon Hamani?" Na ce, "Gawon wa?" Ta ce, "Na Hamani mai rediyo. Kai ne mai share masa wurin?" Sunan ya bi gari. Direbobin taksi sun san shi, masu kai wasiƙa sun san shi. Mutumin da bai taɓa shimfiɗa tabarma ɗaya a wurin ba tun tafiyar tsoho! Na taɓa sa aka rubuta sunana a wani allo na kafa a jikin itacen, awaki suka ci igiyar, allon ya faɗo mini a ka.

Amsar Rabi kuwa ba zan rubuta muku ita a nan ba, sandar Mushe Alu tana nan a bayan hannuna. Ku kwana da ita. In ta gagare ku, ku zo ran Alhamis da wandunanku masu guga, ku zauna a ƙasa tare da yara. In kun iso Kalley kada ku ɓata bakinku kuna tambayar Malam Isufu, za a kai ku wurin wani mai sayar da gawayi. Ku ce gawon Hamani kuke nema. Za ku same ni a gindinsa.